Hannu Ɗaya a Shagon Waina

Da hantsi ne, ana yayyafi sama-sama a kasuwar garin Mokpo na bakin teku, Man-ho yana tsaye bayan teburin wainar shinkafa.

Tun da injin jan koma ya cinye masa hannun hagu a jirgin kamun kifi, bai sake fita aiki ba. Yana ɗaki, yana karɓar tallafin naƙasassu, har Hye-ran ta ofishin tallafin ta matsa masa. Ita ta samo masa gwaji a shagon Inna Bang, ita ta sa kafinta ya yi masa katako mai maƙali yadda zai naɗe waina da hannu ɗaya. Yau gwajin zai ƙare, yau kuma Inna za ta ce ya zauna ko ya koma ɗaki.

Naɗi kam ya iya. Miƙawa ce damuwarsa. A garinsu ba a miƙa wa babba abu da hannu ɗaya, kowa ya san haka tun yana rarrafe. Shi ya sa duk kwanakin nan, da ya hango furfura sai ya sulale ciki wai zai duba tukunya, Hye-ran ta miƙa a madadinsa.

"Yau ba ruwana," in ji Hye-ran. Ta ja kujera can gefe ta harɗe ƙafa. "Tukunyar nan ta gaji da ganinka."

Sai ga tsoho Gil da lemarsa, wanda ya yi shugaban makaranta har ya gaji, bai kuma daina yi wa gari tarbiyya ba. Ya ce a ba shi ta wake. Inna ta daina yanka, ta zuba ido.

Man-ho ya naɗe tsaf, ya sunkuya, ya miƙa.

Tsohon bai karɓa ba. Gilashinsa duk ruwa, ga rigar sanyin Man-ho ta rufe kafaɗar.

"Kai, wa ya rene ka? Kare kake jefa wa ƙashi? Ina ɗaya hannun?"

Ƙafar Man-ho ta fara ja baya da kanta. Ya dubi ƙofar ciki, ya dubi Hye-ran, ita kuwa farcenta take dubawa. Sai ya tsaya.

"Baba, yana teku," ya ce a hankali. "Na bar wa kifaye ajiya. Ran da suka dawo da shi, kai zan fara miƙa wa da biyu."

Mai kifin da ke maƙwabtaka da su ta tuntsire da dariya. Tsohon ya cire gilashi ya goge, ya ga hannun rigar da aka ninke. Kunnuwansa suka yi ja. Ya jingine lemar, ya sa hannu biyu ya karɓa, har da sunkuyawa, shi da ba a taɓa ganin ya sunkuya wa ɗan kasuwa ba.

"Naɗin ya yi kyau," ya ce, ya tafi cikin yayyafin, sai da ya yi nisa ya dawo ɗaukar lema.

Inna Bang ta koma yankanta. "Gobe da asuba nake ɗora tukunya. In ka makara, ni ma na iya jefa mutum a teku."

Hye-ran ta miƙe tana murmushi, ta ce tana da wani mai karɓar tallafi da za ta duba a unguwar tasha. Wata tsohuwa ta matso, Man-ho ya ce, "Kaka, wacce za a naɗe miki?" Igiyar rigar aikinsa ta kwance ta baya. Inna da za ta wuce da tire ta ajiye, ta ɗaure masa tam, ta ɗauki tirenta. Shi ko waiwayowa bai yi ba, yana can yana naɗi.