Kwanon da Ya Kwana Ashirin

Saura kaɗan na fasa rubuta wannan. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, rubutuna kuma kamar kaza ta yi tono. A gida idan na yi mafarki Inna nake faɗa wa da safe tana dama koko, ta saurara ko ta yi dariya, shi ke nan ya wuce. A nan Zariya bakina bai saba da kowa ba tukuna. Maigidana, Baban Lukmanu, direban motar kaya ne, daga sallar asuba ya fita, wani lokaci ya kwana biyu a hanya. Lukmanu shekararsa huɗu, Nusaiba biyu. Shi ya sa na yago takarda a wani tsohon littafi na zauna.

Amma sai na fara faɗin zancen kwanon. Ranar da muka tare a gidan hayar nan, matar ɗakin da ke kallon namu, Maman Zayyanu, ta kawo mana abinci a kwanon samira mai murfi, mai jan fure. Dafa-duka ce da karas da koren wake, ga cinyar kaza biyu a sama. Ma'aikaciyar asibiti ce, fararen kaya take sawa, tana waya da Turanci. Na karɓa kaina a ƙasa, ko godiyar kirki ban iya yi ba.

A wurinmu ba a mayar da kwano wayam, sai an zuba wani abu. To me zan zuba? Ni abin da na iya shi ne na sauri, wanda zai sauka kafin yara su fara kuka: ɗanwake, fate, garau-garau, tuwo da miyar kuka. Na ce sai ranar da aka sayo nama. Ranar da aka sayo, Nusaiba ta wuni da zazzaɓi. Na ce sai Juma'a. Haka kwanon ya kwana ashirin a ƙarƙashin gado, ni kuma da na ji motsin ƙofarta sai in saki labule.

To, daren jiya sai ga wani mafarki.

Na gan ni a tsakar gidanmu na haya da rana tsaka, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake fitowa yana tafiya sama. Matan gidan sun fito sun kife bokitansu a iska suna tara. Ba wadda ta yi mamaki, ni ma ban yi ba. Na dai ɗaure bakin zanina a idon sawu don kada in jiƙe. Na gaishe su, amma gaisuwar ta bi ruwan ta yi sama kafin ta kai kunnensu. Ina kallo ta maƙale a wayar lantarki tana lilo.

Kwanon yana kaina. Ban san lokacin da na ɗauke shi ba. Babu komai a ciki, amma nauyinsa kamar tulu cike da ruwa.

Wata kaza ta zo wucewa da jakar hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Baiwar Allah, masu kwanon mutane ana nemansu a ofis.”

Sai ga ni a ofis. Awaki ne ma'aikatan. Layi ya yi tsawo, kowa rungume da kwanon da ba nasa ba. A bayana akwai wata tsohuwa da baƙin akushi, ta ce mini tun tana amarya take wannan layin. Da aka zo kaina, na tarar da wani bunsuru mai tabarau a bayan tebur, wata akuya a gefensa tana buga hatimi da kofato.

Bunsurun ya ce, “Suna?”

“Barira.”

“Ɗaga murya. Nan ofis ne, ba gidan surukai ba.”

“Barira, ranka ya daɗe.”

Ya rubuta a takarda, ya ninke ta, ya cinye. Ya ce haka suke ajiye bayanai, ba abin da ya taɓa ɓata.

“Kwanon ya kwana nawa?”

“Ashirin.”

Duk awakin ofishin suka daina tuƙa suka zuba mini ido.

“Me za ki zuba a ciki?”

“Ɗanwake na iya.”

“Shi ɗanwaken, a aji nawa ya tsaya?”

“Huɗu.”

Ya cire tabaransa ya goge da gemu. “Kazar da aka kawo miki ta gama jami'a,” in ji shi, “har ta yi bautar ƙasa.”

Na sunkuyar da kai, don na san gaskiya ya faɗa.

Ya ce, “To ga doka. Kwanon da ya kwana ashirin da ɗaya, ƙofar mai shi takan shafe daga bango. Ba fushi, ba faɗa. Gari ne zai waye ki leƙa ki ga bango. Na gaba!”

Na waiwaya na kalli tsohuwar mai akushi. Ta yi mini murmushi ta ce, “Kada ki damu, 'yata. Ni duk ƙofofin unguwarmu sun tafi. Ana hutawa. Ko rashin lafiya kika yi, ba mai damunki da sannu.”

Sai ga ni a ɗan lungun da nake girki, risho yana ci, ruwa yana tafasa. Na kwaɓa gari da kuka da ruwan kanwa, na fara jefawa da sauri. Kowa ya sani, ɗanwake idan ya nuna tasowa yake saman ruwa. Nawa ya taso, amma bai tsaya ba. Ya riƙa fita daga tukunya ɗai-ɗai yana yin sama a hankali, kamar yana jin kunya.

Yaran suna zaune a jikin silin, kansu yana kallon ƙasa, sun tanƙwashe ƙafa sun buɗe baki. Duk wanda ya hau sai su cafke.

Lukmanu ya ce, “Umma, ba yaji.”

Na watsa yaji sama, ya same su. Nusaiba ta ci ta ƙoshi, ta goge hannunta a fanka.

Ana haka sai takalman Baban Lukmanu suka shigo, su kaɗai. Suka tsaya a bakin ƙofa, daidai inda yake tsayawa. Na kamo ɗanwake a faranti na miƙa musu, suka ci a tsaye.

Na dama ya ce, “Sannu da ƙoƙari.”

Na hagu ya ce, “Sai na dawo.”

Na ce, “Ku ɗan zauna mana, ina da magana.” Kafin in rufe baki sun kai Funtuwa.

Na leƙa tukunya, ruwa ne kawai yake tafasa. Kowa ya ci, ban da kwanon. Na zauna a ƙasa na janyo shi na buɗe murfin, ko Allah zai sa ya cika da kansa. Sai na ga Inna a ciki, 'yar mitsitsiya kamar ɗan yatsa, tana kan kujerarta 'yar tsugunno tana tsince wake a faifai.

Na ce, “Inna, me kike yi a kwanon mutane?”

Ba ta ɗago ba. Ta ce, “Shi me yake yi a ƙarƙashin gadonki?”

Na ce, “Inna, ba nama.”

“Kwanon ne ya ce miki yana da haƙori?”

“Matar 'yar boko ce. Za ta buɗe ta yi dariya.”

“To ta yi mana. Yau kwana nawa rabonki da jin dariyar babban mutum?”

Na so in ƙirga, sai hawaye suka fito mini, su ma suka yi sama. Inna ta bi su da kallo ta ce, “Kanwarki ta yi yawa, shi ya sa komai naki yake tashi. Rage. Kuma ki rufe ni, iska tana kwashe mini dusa.”

Na sami ɗanwake uku da suka maƙale a labule. Na kamo su na sa a kwanon, na danne murfin da hannu biyu, ina jin suna ƙwanƙwasawa daga ciki.

Sai ga ni a gaban ɗakin Maman Zayyanu. Ruwa ya ɗauke, tsakar gida ba kowa. Ƙofarta ta koma kamar taga. Bunsurun nan yana zaune a kan turmi yana duba agogon hannunsa, ya riga ya cinye rabin maɗaurin.

Ya ce, “Saura kaɗan.”

Na yi sallama, ta yi sama. Na ƙwanƙwasa, hannuna kamar auduga. Ƙofar ta koma kamar faifai, daga nan kamar tafin hannu. Na durƙusa na sa ido ɗaya na leƙa. Na hango Maman Zayyanu zaune a tsakiyar ɗaki da fararen kayanta, ita kaɗai. Duk bangon ɗakin babu wata ƙofa sai wannan da nake leƙawa. Tana riƙe da cokali tana buga shi a jikin faranti wayam, a hankali, ba ta kallon komai.

Na tura kwanon, ya ƙi shiga. Na juya shi ta gefe, ya ƙi. Ƙofar ta koma kamar ƙwayar wake. Na sa bakina a wurin ina kira, “Anti! Anti!” Ba abin da nake ji sai cokalin, ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Gari ya waye. Nusaiba ce ta janyo kwanon daga ƙarƙashin gado ta kife shi tana dukansa da cokali. Wurin Baban Lukmanu ya yi sanyi, kofin shayinsa yana bakin ƙofa.

Abin da na fara yi, na ɗaga labule. Ƙofar tana nan, shuɗiya, da takalman makaranta a gabanta. Na daɗe ina kallonta.

Na yi salla, na kunna risho. Na kwaɓa gari, na rage kanwa. Da kumfa ya taso na yayyafa ruwan sanyi, ɗanwake ya tsaya a inda Allah ya ce ya tsaya. Na tsame, na ɗauraye, na soya man gyaɗa da albasa. Na zuba wa yara nasu, na wanke kwanon sau biyu, na cika shi. Yaji kuma na zuba a ɗan kwanona na silba, wanda Inna ta ba ni. Na goya Nusaiba, na sa hijabi. Taku bakwai ne tsakanin ƙofata da tata.

Sallamar farko ni kaɗai na ji ta. A ta biyu aka buɗe. Maman Zayyanu ta fito da ɗan kunne ɗaya, kallabi a hannu. A bayanta Zayyanu yana kuka da safa ɗaya a ƙafa, ga shayi da burodi a gabansa ya ture.

Ta ce, “A'a, Maman Lukman! Lafiya?”

Na ce, “Kwanonki ne, Anti. Ya daɗe, ki yi haƙuri. Kuma ba nama.”

Ta buɗe murfin. Ta yi dariya, kamar yadda na ji tsoro, amma ba irin wadda na zata ba.

“Ɗanwake! Wayyo Allah, rabona da ɗanwake tun ina gidanmu. Ke, ni fa na zaci abincin nan ne ya ɓata muku ciki, shi ya sa kike sakin labule idan kin gan ni. Kin san ba ni na dafa ba? A wajen sunan wata abokiyar aikina aka ba ni. Ni ina na ga lokaci? Yaron nan kullum shayi da burodi, har ya fara kama da burodin.”

Zayyanu ya riga ya sa hannu, kukan ya tsaya. Ta duba agogo ta ce minti biyar gare ta. Na zaci a tsaye za ta ci. Sai ta janyo tabarma da ƙafa, ta zauna da fararen kayanta, ta ce, “Zauna mana, 'yar'uwa. Abinci ba ya tafiya mini ni kaɗai.”

Na zauna a bakin tabarma. Ta tambaye ni yadda nake kwaɓin, na faɗa mata. Ta ce in sake faɗa a hankali, za ta rubuta. Minti biyar ɗin suka zama goma sha biyar.

Da na tashi na kai tsakar gida, ta leƙo tana saka ɗaya ɗan kunnen. “Maman Lukman, kin bar ɗan kwanon yajinki!”

Na ce, “Bar shi, Anti, ba sauri.”

Ta ce, “Kin ɗaure ni ke nan. To ni me zan zuba miki? Ban iya komai ba fa.”

Na ce, “Ai kwano ba shi da haƙori.”

Ta sake yin dariya har na shiga ɗaki ina jin ta. Na naɗe labulen na rataye shi a saman ƙofa. Ɗan kwanon kuwa ba mantawa na yi ba.