Takalman Ƙarƙashin Gado

Duk gidan babu mai mafarki irin na Auta. Da ta rufe ido sai gadon ya tashi da ita kamar kwale-kwale, rufin ɗakin ya buɗe, haruffan littattafanta su zama tsuntsaye suna sauka a kafaɗarta. Amma gari na wayewa sai kanta ya sara, kamar an ɗaure shi da waya.

"Karatun nan ne," in ji Baba, mai ɗinkin takalma, yana shafa gam. "In ciwon nan bai sake ki ba, kin bar makarantar jinyar nan ke nan. Ba zan zuba ido ki zare ba."

"Baba, ko kan nan zai rabe biyu, da rabi ɗaya zan rubuta jarrabawa."

Yayanta ya tuntsire da dariya. "Likitar gida, ta kasa warkar da kanta!"

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta sauya matashi, ta sassauta kitso, ta daina shan shayin yamma. Ciwon bai gusa ba. Haka take fita kullum, idanu jajir, kai a ɗage, kada kowa ya ga gazawarta.

Wata safiya bironta ya gangara ƙarƙashin gado. Da ta durƙusa sai ga takalma jere, an danne su da bulo, gam ɗinsu bai bushe ba. Ashe nan Baba ke turo su kowace yamma, don ɗakinta kaɗai yara ba sa shiga. Ita kuwa rufe taga take yi ruf saboda hayaniyar titi. Warin gam ɗin kuma a cikinsa ta girma, hancinta ya daɗe da daina jin sa.

Ta kwaso su, ta dire a gabansa. "Ga karatun da ke sara min kai."

Baba ya dubi takalman, ya dube ta, ya sosa ƙeya. "To, mu gani, uwar taurin kai."

Ranar ta kwana taga a buɗe. Gadon bai tashi ba, tsuntsu ko ɗaya bai zo ba. Da ta farka sai ta zauna tana jiran saran, amma kan sakayau. Ta ɗan yi kewar tsuntsayen.

A bakin ƙofa ta tarar da takalmanta na makaranta, Baba ya sa musu sabon tafi, ya shanya su a waje.