Majanyin da Yaya Ta Ƙi Ɗaura Mini

Shekarata goma sha tara a duniya ban taɓa jin sunana a bakin matar da ta haife ni ba. Nasiha nake, suna mai sauƙi, ko yaron da bai gama iya magana ba yana faɗa. Amma ita sai dai ta ce “’yar Basirka”, ko “waccan”, in ta matsu ta ce “ke”. Ni ce ’yar fari, kunyata take ji. Ana yaye ni aka kawo ni Basirka wajen kakata ta wajen uwa, Inna Batulu, ita kuma tana can Birnin Kudu tana koyarwa a firamare, tana goyon ƙannena ɗaya bayan ɗaya. Ni ma ban taɓa ce mata Umma ba. Na taso na ji ƙannenta suna ce mata Yaya, sai na bi sahu.

Kawu Taufiq ne ya sa mini wani wasa a waya da Sallah ƙarama. Shi ne autansu Yaya, shekara uku kacal ya ba ni, gyaran waya yake yi a kusa da tasha a Birnin Kudu. Wasan mutum biyar ne da mutum biyar, kowa daga inda yake, wanda ya fara rushe gidan abokan gaba shi ya ci. Ni maharbiya ce. Harbina akwai zafi, amma jinina kaɗan ne, duka biyu masu kyau sai a kwantar da ni. Don haka dole a haɗa ni da wanda zai riƙa bina yana kare ni. A wasan sapot ake ce masa, mu kuwa mai raino muke cewa. Mai raino ba ya kisa, ba a yi masa tafi. Ɗan kuɗin wasan da ya tara a fili, kayan taimakon wasu yake saya da shi.

Mai rainonmu ya tafi bautar ƙasa, aka kai shi wani ƙauye da ko kira ba ya shiga. Muka rage mu huɗu: ni, da Kawu, da Basma ’yar ƙanen babana, da Hambali abokin Kawu mai sayar da atamfa a Kano, wanda bakinsa ya fi hannunsa sauri. Sai Kawu ya kira ni ya ce ya samo mana na biyar.

Na ce, “Waye?”

Ya ce, “Yaya.”

Na yi dariya har Inna ta leƙo daga madafi ta ce ko aljanu ne. Yaya fa! Matar da take ƙwace wayar ƙannena ta ce tana kashe ido. Amma ranar Talata bayan la’asar, ina zaune a kan turmin da nake kifewa a gindin katanga, don nan ne kawai sabis yake tsayawa a gidanmu, sai ga muryarta a kunnena.

“Salamu alaikum. Taufiq, ina ne ake dannawa?”

Da can muryar nan daga Sallah sai Sallah nake jinta, ita ma “kin tashi lafiya, ya Inna” ne, shi ke nan ta miƙa wa wani wayar.

Kuma ta koya, ba wasa ba. Littafi ta samu irin wanda take shirya darasi a ciki, ta rubuta kowane kaya da amfaninsa. Sunayen na Turanci ne masu tsawo, mu muka raɗa musu namu. Akwai buta, mai ƙara wa wanda ya ji rauni jini. Akwai laima, mai rufe duk wanda ke kusa na ɗan lokaci. Akwai fitila, a dasa ta a cikin ciyawa a ga mai laɓe. Sai kuma majanyi. Shi majanyi, in ka saya sai ka zaɓi mutum ɗaya ka ɗaura masa. Wata igiya mai haske za ta haɗa ku, duk dukan da aka yi masa rabi a jikinka zai sauka. Kuma wasan ba ya ɓoyewa, da manyan baƙi yake rubutawa a saman waya, duk mutum goman su gani: wance ta ɗaura wa wance.

Ko jiya mutum ya fara wasan ya san maharbi ake ɗaura wa majanyi. Don shi aka yi shi.

Yaya ta saya, ta ɗaura wa Kawu Taufiq.

Kawu fa! Shi da yake ɗaukar ƙaton jarumi mai sulke, wanda ko mutum uku suka taru a kansa sai sun gaji sun bar shi. Na ce kuskure ne, sabuwa ce. Washegari ta ɗaura wa Basma. Rana ta uku ta ƙi saya gaba ɗaya, ta sayi laima. Kawu ya yi mata bayani a hankali, ta ce, “To.” Hambali ya yi nasa da surutu, ta ce, “To, Malam Hambali.” Aka sake shiga, ta sake ɗaura wa Kawu. Sau uku a jere ana cin mu, kuma duk ta wajena ake ɓarkowa, don abokan gaba sun gane ba ni da mai ɗaukar mini duka.

A na ukun ne raina ya ɓaci. Ni dama ba na iya haɗiye magana, Inna ta ce a tsaye aka haife ni.

Na ce, “Haba Yaya! Haba! Sau nawa za a faɗa miki? Ni ce maharbiya, ni ake kashewa, kina kallo! In ba kya so ki ɗaura mini ki faɗa kawai, ai ba yau kika fara ba.”

Sai kukan akuyar gidan su Basma nake ji ta cikin waya.

Can Yaya ta ce, “Allah ya ba da haƙuri.”

Hambali ya gyara murya ya ce ranar Asabar akwai gasar da muka yi rajista, wasa ɗaya ne, in aka ci mu mun fita. Ya ce da girmamawa yake magana, amma in ranar ma haka aka yi, yana da wani yaro a Dutse da ya iya raino, sai Malama ta huta. Ya tambayi kowa. Ni uwar iya, ni kaɗai na buɗe baki na ce na yarda.

Ina kashe wayar na san abin da na yi. In aka cire ta, shi ke nan, an koma gaisuwar Sallah. Awa ɗayan nan ta bayan la’asar ita ce kaɗai abin da muka taɓa yi tare ni da ita tunda nake. A nan na san tana tsaki in ta yi kuskure, na san tana cewa “bismillah” kafin kowane faɗa, na san dariyarta. Ni da kaina na sa hannu a raba ni da wannan. Na ji haushinta, na ji haushin kaina, na rasa wanda ya fi.

Inna tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ashe duk ta ji, don in na hasala har maƙwabta suna ji.

Ta ce, “Zo nan, sarkin zuciya. Wane majanyi ne kike yi wa uwarki ihu a kai?”

Na zauna na yi mata bayani, ina yi ina huci. Ta saurara har na gama, ba ta daina ɓara ba.

“Kika ce rubutawa ake yi kowa ya gani?”

“Eh.”

“Har da ƙanenta, har da baƙon Kano?”

“Eh mana.”

Ta watso mini ɓawon gyaɗa a cinya. “Ke dai an yi sakarya. A gaban ƙanenta za ta ɗaure ’yar fari a bayanta ana shela? Shekarar da kika yi ƙyanda kina ’yar shekara uku, a kan babur ta zo daga Birnin Kudu cikin ruwan sama, da cikin ƙanenki wata bakwai. Ta ƙi shigowa gidan nan don kakanki yana zaure da mutane. A gidan maƙwabciyarmu Kubura ta sauka, nan bayan katangar da kike zama. Kwana huɗu tana dama kunu ana miƙowa ta sama, in kin yi kuka ina jin nata ta can. Da kika warware ta hau babur ta koma, ba ta ko ɗauke ki ba.”

Na ce, “To me ya hana ta?”

“Abin da ya hana ni. Ke kin taɓa jin na kira sunanta?”

Na tsaya na yi tunani. Malama take ce mata. Kullum Malama, tun kafin ma ta zama malamar. Yaya ma ’yar fari ce, ban taɓa haɗa abin ba sai ranar.

Ban gama da wannan ba sai ga saƙon Kawu. Hotunan ƙarshen wasanninmu ne ya turo, ya ce in buɗe idona in duba kayan da take saya, ba wanda ta ƙi saya ba. Na duba. Takalmi irin nawa take saya, mai gudu, alhali masu raino mai sulke suke saya don su daɗe. Ashe don ta iya bin sawuna ne. Fitilunta duk a ciyawar da ke gefena take dasa su. Butar kuwa, in ta zuba sau goma, takwas a kaina ne. Duk abin da ba a shelarsa, ni take yi wa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. A kan turmin na yi shi, Inna ta yi kamar ba ta gani ba.

Ranar Juma’a na rubuta mata saƙo, na goge, na sake, na goge. Abin da na iya turawa shi ne: “Yaya ki yi haƙuri. Ki bar majanyin, ki sayi abin da kika saba. Ni zan ji da Hambali.” Ta amsa da kalma ɗaya. “To.”

Asabar ta zo da hadari amma bai zubo ba. Abin kunnena ya lalace da safe, dole na sa wayar a lasifika, Inna tana gefe da farantin gyaɗarta wai ita ma za ta ga gasa. Abokan karawarmu ’yan Kaduna ne, sun iya, ba su da wasa. Yaya ta ce bismillah. Ta sayi takalminta, ta sayi fitila, ta sayi buta, tana bayana taku biyu kamar kullum. Muna cin su suna cin mu, har aka kai inda faɗa ɗaya zai raba gardama.

Muna komawa gidanmu na cikin wasan mu ƙara kaya, na ga ta daɗe a tsaye a shago ba ta motsa ba. Hambali ya ce, “Malama, lokaci fa.” Sai rubutu ya fito a saman waya da manyan baƙi. Malama ta ɗaura wa Nasiha.

Igiyar ta fito daga jikinta ta zo ta kama ni, tana haske. Basma ta ce, “Lah!” Kawu ya ce, “Ku yi shiru ku tafi.”

Muka haɗu da su a tsakiyar fili. Suka yo kaina su uku kamar yadda suka saba, amma yau ban faɗi ba. Jininta ne yake sauka, nawa yana tsaye. Na kwantar da ɗaya, na kwantar da na biyu. Hambali yana ihu, “Harba! Harba, ’yar Basirka!” Saura kaɗan, wallahi saura kaɗan. Ban ga na huɗunsu ba, ya zagayo ta cikin ciyawa inda fitila ta mutu. Ita ta gan shi.

“Nasiha! Bayanki!”

Da ƙarfi ta faɗa, har lasifikar ta yi ƙara.

Yatsuna suka tsaya. Na san inda zan danna, na yi shi sau dubu, amma hannuna ya ƙi. Ina zaune ina kallon wayar baki buɗe aka kashe ta, aka kashe ni, aka bi sauran, aka rushe mana gida. Muka fita daga gasa saboda ni, ba saboda ita ba.

Sai Hambali ya fara, “To ke kuma me ya…” Kawu ya ce, “Hambali, rufe mana baki.” Ya rufe. Da ya sake buɗewa a hankali ya ce, “Malama, gobe huɗu da rabi in Allah ya kai mu. Yaron Dutsen nan dama ba shi da ladabi.”

Inna ta ajiye faranti ta matso bakinta kusa da wayar, kamar mai leƙa rijiya.

“Oh ni Batulu, zamani! Wa na ji yana kiran suna haka gatsal a gaban mutane?”

“Inna kina wurin?” Muryar Yaya ta yi ƙasa. “Wayyo Allah. Inna, faɗa ne ya yi zafi.”

“Na ji ai. Har Gwaram an ji.”

Basma ta fashe da dariya, Kawu ma. Ni na kasa. Yaya ta yi ɗan tsakin nan nata, sannan ta ce, “Inna, ki ce wa waccan ta tashi daga kan turmin nan ta shiga ɗaki, hadari ya taso ta wajenku.” Ta kashe.

Na nemi maimaicin wasan don in sake ji. Hoto ne kawai yake ajiyewa, ba ya riƙe murya. Na kalli igiyar sau uku, ruwa ya fara ɗiga a kan gilashin, na goge da gefen hijabina na shiga ɗaki kamar yadda ta ce.

Ba ta sake faɗa ba har yau, an koma “ke” da “’yar Basirka”. Ni ma ban roƙa ba. Amma kullum bayan la’asar, ko takalmi ba ta saya sai ta fara sayen majanyi ta ɗaura mini.