Rijiyar da Ibrah Bai Ambata Ba

A Kurfai ta wancan zamani, mai son sanin yadda ake zama da wasu ƙasashe a gaban wani tsoho yake durƙusawa. Ibrah a gaban kawunsa Manzo ya durƙusa, mutumin da ya tsufa yana kai saƙo tsakanin Kurfayawa da Buzaye da Zabarmawa. A wurinsa ya san wanda ake tuɓe wa takalmi da wanda ake gaisarwa daga kan doki.

"Ka gaida mai gida, ka sha ruwa, ka yi kurum," in ji Manzo. "Sai ya ce mi ya kawo ka. Wanda ya riga buɗa baki, bara ya zo."

Da Nasara suka zauna a Filinge suka fara yanka iyakoki, sai mutanen tudu suka ce rijiyar fadama tasu ce, alhali kakannin su Ibrah suka gina ta, ita duk garin ke sha. Ƙafar Manzo ta riga ta gaza, sai gari ya aiki Ibrah wurin kumandan, babban Nasaran Filinge, da rago. Mutanen tudu kuwa suka aiki Albarka, wani mai fataucin kanwa da bai taɓa kai saƙon kowa ba.

Suka tarar da kumandan a rumfa, tafinta na tsaye a gefensa. Ibrah ya kai gaisuwa har ƙarshenta, ya zauna. Albarka ko gaisuwar bai ƙare ba ya hau magana: rijiya tasu ce, shanunsu na mutuwa, ga kaza ga kaza. Kunya ta kama Ibrah a madadinsa, har ya ɗan tausaya masa. Ya gyara zama, sunayen maginan rijiyar a bakinsa, yana jiran a juyo.

Kumandan ya dubi Ibrah, ya dubi rago, ya yi 'yar magana.

"Ya ce ya gode," in ji tafinta.

Kumandan ya miƙe, aka kawo masa doki. Magana ta zo wa Ibrah har maƙogwaro, amma ba a kiran mai gida in ya tashi. Ya haɗiye ta.

"Kai, Ibrah," in ji Albarka a hanya, yana dariya, "rago ka kawo ya yi maka bayani?"

Ba a daɗe ba gardawa, dogaran kumandan, suka zo suka jera duwatsun iyaka, rijiya ta faɗa wancan gefe.

"Bai tambaye ka ba?" in ji Manzo.

"Bai tambaya ba, Kawu."

"Da ni na tahi, da haka zan yi," in ji tsoho. Wannan bai sanyaya wa Ibrah rai ba.

Tun daga ranin nan Dijatu, matarsa, sai ta tsaya da tulu a bayan duwatsu har matan tudu su gama ɗiba. Ba ta taɓa ce masa komai ba. Shi ne dai ya daina zama a ƙofar gida lokacin da mata ke dawowa daga fadama.