Hular Kwano Ta Ranar Alhamis

"Ba a shiga yanzu, Inna. Muna da baƙo."

Bashar ne ya tare ƙofar da kafaɗa, yana magana ƙasa-ƙasa. Siddiƙa ta tsaya da kwanon fura a hannu, ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buga hatimi a buron kamfani, yau shi ne sakataren Ƙungiyar Nazarin Harshe, Mantiƙi da Falsafa ta Akokan, har da biro a aljihun gaba.

"Furar Malam ce. Tun safe bai sa komi ba a baki."

"Aje nan. In an tashi zai sha."

Ta leƙa ta saman kafaɗarsa. Suna nan zube bisa tabarmi ƙarƙashin rumfar kwano, tsofaffin malaman lakwal, wato makarantar boko, da akawunan da ramin haƙar ƙarfe ya sallama tun da aka rufe shi. Kowace Alhamis bayan la'asar nan suke taruwa, gidan maƙwabcinta Malam Zayyadu, shugabansu, su ƙona gawayin shayi suna gardama kan ko da kalma mutum yake tunani ko kuwa tunanin ne ke riga kalma. Ta bayan katanga take jin su shekara da shekaru, kuma ba ta taɓa jin an kai ƙarshen magana ɗaya ba.

Yau kuwa abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wani Dakta Fatahu ya sauka daga jami'a da jakar fata da tabarau, an ce in zaman ya burge shi zai kai sunansu gaba a ɗauke su reshen babbar ƙungiya ta ƙasa. Kowa ya sha guga. Daktan na tsakiyar bayani, yana tambayar yadda za a yi mutum ya tabbatar wani na jin ciwo, tunda ba ya iya shiga cikin kansa. A cinyarsa akwai hular kwano.

Hular nan ita ta fi ci wa Siddiƙa rai. Ta marigayi mijinta ce, da ita ya riƙa sauka ƙarƙashin ƙasa har huhunsa ya gaji. Bayan rasuwarsa Malam ya roƙe ta, ya ce don tunawa da amini. Ashe dokar zama zai kafa da ita: mai riƙe da hula shi kaɗai ke da baki, kuma ba mai karɓarta sai ya kira sunansa ya miƙa masa. Hular da ta sha duwatsu ta koma sandar surutu.

Dakta ya kira sunan shugaba, ya miƙa. Malam Zayyadu ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Wannan tambaya tana son a yi mata tunani." Sai ya sunkuyar da kai.

Shirun Malam sananne ne. Yakan yi shi har shayi ya huce, almajiran nasa na zaune kamar an dasa su, daga baya ya ɗago ya faɗi abin da kowace mai dakan gero ta sani, su kuma su yi ta gyaɗa kai. Siddiƙa ta ja tsaki ta dire kwanon. A ranta ta ce labarin zuciya ai fuska ake tambaya, ba sai an ɗauko dakta daga uwa duniya ba. Amma ita ma ba ta tsaya ta dubi fuskar ba, ta juya gida.

Ta zauna tsince shinkafa, hankalinta ya ƙi kwanciya. Watan jiya da Mina, 'yar Malam, za ta koma ɗakinta a Damagaram, ta riƙe mata hannu a bakin mota. "Inna, amana. Hawan jininsa ba ya jin magani. In kin ga abin da ba ki gane ba, kar ki tambaye shi, ki kira Illi ya kai shi asibiti." Ta amsa da ka da baki. Yanzu ga shi ta kasa kunne ga katanga, ba tari, ba gyaran murya, ko ƙarar kofi babu. Ta ce wa kanta yanga ce, tsoho na nuna wa baƙo zurfi. Ta gama tsincewa, ta wanke, ta ɗora tukunya. Inuwar katanga ta kai bakin randa, shirun bai motsa ba.

Wannan karon ba ta yi sallama ba. Bashar ya taso da sauri.

"Inna, don Allah. Shiru ma magana ce. Dakta na kallo."

"Kauce mini, ɗan nan."

Malam na jingine da ginshiƙin rumfa, rawaninsa ya zame gefe. Hannun dama ya zube a cinya kamar ba nasa ba. Da na hagu yake miƙo hular, tana rawa, yana kai ta wajen wannan ya kai ta wajen wancan. Bakinsa ya karkace, miyau ya jiƙa gemu, idanunsa na bin su ɗaya bayan ɗaya. Maza masu furfura sun naɗe hannu suna kallo, don bai kira sunan kowa ba. Dakta ya dafe haɓa yana gyaɗa kai, ya ɗauka misali ake ba shi.

"Tun yaushe yake haka?"

Ba wanda ya amsa. Hula ba ta hannunsu.

Ta durƙusa ta karɓe ta. Yatsun Malam suka sake, ya lumshe ido kamar wanda aka sauke wa kaya. Sannan ne rumfar ta kaure, kowa na salati, kowa na faɗin dama shi ya so ya yi magana. Siddiƙa ta zaro salula daga bakin zani ta kira Illi direba.

Illi ya zo da rawaninsa a kwance, ya duba sau ɗaya ya ce, "Wannan ya daɗe. Me ya sa ba a kira ni ba tun rana tana sama?" Ya sungumi Malam shi kaɗai. Siddiƙa ta shiga baya ta ɗora kansa a cinyarta, motar na tsalle a hanyar Arlit. Sun wuce tsibin ƙasar da aka tono daga rami, ana kiran magariba, sai ta ji nauyinsa ya canza. Ta shafe masa ido. Ba ta ce wa Illi ya rage gudu ba.

Mina ta iso bayan an kai shi makwancinsa. Tambaya ɗaya ta yi, ko da an gaggauta da ya tashi. Siddiƙa ta ce rai na Allah ne, kuma gaskiya ta faɗa, amma tukunyar shinkafar nan ta tsaya mata a rai. Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba tun mutuwar mijinta, kuma rabinsa haushin kanta ne.

Ranar sadakar uku 'yan ƙungiya suka cika tabarmar gaba. Dakta tuni ya bi mota, ya bar saƙon ta'aziyya. An shafa fatiha ke nan Bashar ya zagayo ƙofarta yana murza hannu.

"Inna, Allah ya ba mu haƙuri. Mun yanke za mu yi zama na musamman don girmama shugaba, a tattauna ma'anar shirunsa na ƙarshe. To, sai dai hular."

"Wace hula?"

"Ta ƙungiya. Ba a buɗe zama sai da ita."

"Mi dokarku ta ce? Mai hula shi ke da baki, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To tana hannuna. Kuma ban kira sunan kowa ba."

Ya buɗe baki, ya dubi biron aljihunsa, ya rufe. Ya ja takalmansa ya tafi.

Da Alhamis ta zagayo, Siddiƙa ta idar da la'asar ta fito tsakar gida da faifai. Ta dama fura, sai da ta zuba a kwano biyu ta tuna. Bayan katanga ba kowa sai iska na taɓa kwanon rumfa. Hular na rataye a ƙusa bakin ƙofar ɗakinta, inda mijinta ke rataye ta in ya dawo aiki, rana ta faɗa kan tsagar da ke goshinta. Ta rufe kwano na biyun da faifai, ta zauna kusa da katangar.