Taransifoman Rikodar Baba Badung

Ban taɓa iya cewa "ban iya ba", shi ya sa ranar Talatar nan na tsinci kaina tsugune a ɗakin maƙwabcina Baba Badung da sukudireba a hannu, hanjin rikodarsa a zube a gabana. Ni tela ne. Dutsen guga biyu na taɓa gyarawa a unguwar Kwararafa ta Jos, tun daga nan ake ce mini Injiniya, ni kuma ban hana ba.

Rikodar irin mai manyan faifai biyu ce masu naɗe da zaren tef. Wani Baturen kuza ya bar wa Baba ita a Bukuru da zai koma gida. Tsawar daminar 1978 ta ƙona ta. Sai ga faifai ya zo ta gidan waya daga ɗansa Pwajok da ke karatu a Turai, don ya san idon uban ya daina karanta wasiƙa. Duk unguwar babu wata rikodar da ke cin irin faifan nan. Asibiti kuwa sun sallamo Baba, sun ce a kai shi gida ya huta, kowa ya gane nufinsu.

"Malam Labaran," in ji shi daga kan gado, "faifan zai yi magana yau?"

Na ce zai yi, in Allah ya yarda. Taransifoman ne ya ƙone, wato abin da ke rage ƙarfin wuta kafin ta shiga cikin rikodar. Na ciro shi baƙi ƙirin yana warin ƙonanniyar roba, na sa a aljihu na hau keke.

Romanus mai sayar da kayan rediyo ya juya shi, ya ce lambar jikinsa ta ƙone. Ya ɗauko guda biyu: sabo fil mai wayoyi birjik, da wani tsoho da ya cire daga mataccen rediyo. Ya ce idan na sa wanda ya fi ƙarfin rikodar, za ta yi hayaƙi sau ɗaya, shi ke nan. Na tambaye shi wanne ne daidai. Ya ɗora nawa a tafin hagu, tsohon a dama, yana aunawa.

"Oga, taransifoma kamar doya ne, a hannu ake gane shi. Ɗauki tsoho."

Sabon ne ya ba ni sha'awa, amma wayoyinsa sun fi ilimina yawa. Na ɗauki tsoho.

Da na dawo hadari ya haɗo ta wajen Naraguta, ɗakin ya yi duhu. Kaneng matar Baba tana zaune a bakin gado riƙe da hannunsa, ya lumshe ido. Ramukan noti ba su zo daidai ba, na ɗaure taransifoman da wayar ƙarfe. Na ɗora ƙarfen liƙi a gawayi, dalma tana zillewa, gumi yana ɗiga daga hancina duk da sanyin Jos. Wayoyi biyu jajaye ne, na manta wacce ta fito daga ina. Na tsaya ina kallonsu kamar za su faɗa mini. Ina ta cewa saura kaɗan, Baba, saura kaɗan. Ba wanda ya amsa, na ce a raina sun ba ni fili ne.

Na ɗora faifan Pwajok, na sa a soket na kau da fuska. Babu hayaƙi. Wata ƙaramar fitila ta kama, faifan biyu suka fara juyawa, sai muryar Pwajok ta cika ɗakin da yarensu na Birom. Ban ji ko kalma ɗaya ba sai "Baba". Ya yi dariya a wani wuri, ya yi tari, ya rera wata waƙar coci. Na zauna a kan dugadugaina ina jin kaina injiniya na gaske, ina satar kallon fuskar tsohon. Ta yi sumul, har na ga kamar murmushi.

Zaren ya ƙare. Na ce wa Kaneng ko in mayar masa daga farko.

"Bar shi, Malam," in ji ta. "Ya tafi tun kana kan jajayen wayoyin nan. Na ga yadda ka duƙufa, shi ya sa ban yi magana ba."

Faifan yana ta juyawa, wutsiyar zaren tana bugun jikin rikodar, ruwa ya fara sauka a kan kwano.