Ƙwallon da Ta Tsaya a Yashi

Duk wanda ya yi wayo a Talata Mafara a shekarun ginin dam ɗin Bakolori ya san Uzairu Bayahude. Sunansa na gaskiya Ezra, amma Zamfarawa ba su da lokacin karya harshe, suka maida shi Uzairu, shi kuma ya amsa. Bakanike ne na injinan ban ruwa a wani ƙaramin kamfani, gajere, mai sanƙo, yana ɗingisa ƙafar hagu. Iyayensa daga Bagadaza suka yi ƙaura zuwa Isra'ila, don haka Larabci ya zauna masa a baki. Malamai sukan tare shi su gwada nasu, su tafi suna gyaran murya.

Kafin ya riƙe sifana ɗan ƙwallo ne. Ya buga tsakiya a ƙungiyar wani gari na bakin teku a ƙasarsu, har an fara raɗe-raɗin za a kira shi ƙungiyar ƙasa, sai wani mai tsaron baya ya shigar masa gwiwa. Daga ranar ya rantse ya bar harkar. Rantsuwar ta riƙe har zuwa yammacin da ya tsayar da motarsa a bayan sansanin ma'aikata, ya ga leburori suna bin ƙwallo gaba ɗayansu kamar kaji an watsa musu tsaba. Ya kasa daurewa, ya sauko yana faɗa. Ta haka ƙungiyar ma'aikatan dam ta sami koci ba tare da ta nema ba.

Dokarsa ɗaya ce, kuma ita ce Hausar da ya fi iyawa: "Ɗaga kai!" Ya ce wanda ke kallon ƙafarsa makaho ne. Ya sayo faya-fayai a kasuwar Talata, ya ɗora wa kowa a ka, ya ce a ja ƙwallo haka nan. Wanda faifansa ya faɗi ya zagaya fili da gudu. 'Yan mata masu tallar fura sun sha dariya har sun gode Allah, ƙarti majiya ƙarfi suna tafiya kamar amare.

Wanda faifansa bai cika faɗuwa ba shi ne Nasidi. Ɗan wani ƙauye ne na ƙasar Maradun da ruwan dam ya haɗiye, gonar ubansa da ta kakansa duk suna can ƙasan tafki. Da rana siminti yake ɗauka, da yamma ƙafarsa ta hagu takan sa mutane su manta da abin da dam ya yi musu. Ya san aikin ginin zai ƙare wata rana a sallami leburori, shi kuwa ba shi da gonar komawa. Uzairu ma ya sani. Shi ya sa ya yi ta jeka-ka-dawo Sakkwato, har ya shawo kan wani jami'in babbar ƙungiyar can ya yarda zai zo kallon wasansu da Bakura. In yaron ya burge shi, ya sami gurbi a ƙungiya da aikin dindindin.

To, ga inda matsalar take. Nasidi bai daɗe da auren Taiba ba, 'yar Bakura, marainiya. Wanda ya raine ta, ya aurar da ita, shi ne ƙanen mahaifinta, Malam Audu, malamin firamare. Lokacin da dangi suka ce ba a ba marar gona mata, shi ya tsaya kai da fata. Kuma wannan Malam Audun shi ne golan Bakura tun Nasidi yana yawo ba wando, ya ƙi ajiye raga duk da furfurar da ta fara fito masa. Nasidi bai taɓa faɗin sunansa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba, in ya hango shi daga nesa zai tuɓe takalmi ya durƙusa.

Filibus, direban tifa kuma kyaftin ɗin ƙungiya, shi ya yi ƙoƙarin fahimtar da koci.

"Maigida, golan nan surukinsa ne. Ba ya iya kallon idonsa."

"A fili babu suruki," in ji Uzairu. "Akwai gola, akwai raga."

Filibus ya girgiza kai. Uzairu ya san injin ruwa ciki da waje, amma wannan ba a rubuce take a kan inji ba.

Ranar wasa filin makarantar Bakura ya cika ya batse. An zo a kan kekuna da jakuna daga Damri, 'yan dam sun zo cike da tifar Filibus. Baƙon Sakkwato ya sami kujera a inuwar dogon yaro, ya ɗora ƙafa kan ƙafa. Nasidi ya yi wasa ranar, wallahi ya yi. Ya yanke mutum biyu a gefen layi har wani tsoho ya jefa hularsa sama. Abu ɗaya ne kawai: da ya kusa raga sai kansa ya sunkuya, ya miƙa wa wani ƙwallon. Uzairu yana bakin layi yana ihun "Ɗaga kai!" har muryarsa ta dishe.

Ana dab da tashi, babu wanda ya ci, sai aka kayar da Nasidi a gaban raga. Alƙalin wasa ya busa fenariti. Filibus ya ɗauki ƙwallo zai buga don ya fid da abokinsa kunya, Uzairu ya daka masa tsawa, ya nuna Nasidi, ya nuna inuwar dogon yaro.

Nasidi ya ajiye ƙwallon, ya ja da baya, idonsa a ƙasa. Ya tuna tafkin da ya cinye gonarsu, ya tuna Sakkwato. Sai kuma ya tuna surukin nasa a zaure yana cewa dangi, "Yaron ga mutumin kirki na, ni na ba shi." Yanzu a ce ya tarwatsa masa raga a gaban ɗalibansa da mutanen garinsa? Ya ruga kamar da gaske, da ya iso sai ya ɗan taɓa ƙwallon a hankali, daidai tsakiya, inda ya san hannun surukinsa yake jira.

Babu kowa a wurin. Tun Nasidi yana ja da baya Malam Audu ya taka a natse zuwa jikin turken raga, ya juya baya, ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya bar wa mijin 'yarsa raga a buɗe, ko akuya ta buga ta ci. Ƙwallon ta gangara, ta gangara, ta shiga yashin da ke bakin raga, ta tsaya saura taki ɗaya ta tsallake layi. Fili ya yi tsit. Ga suruki can yana kallon takalmi, ga suruki nan yana kallon ƙasa, ƙwallo a tsakaninsu ba mai ita. Sai da wani mai tsaron bayan Bakura ya farga ya zo ya doka ta cikin gonar gero.

Dariyar da aka yi ranar har yau ana labarinta. Baƙon Sakkwato ya kakkaɓe rigarsa ya shiga mota, bai ko tambayi sunan yaron ba. Uzairu ya yi jifa da usur, ya yi zagi da harsuna uku, sannan ya zauna daɓas a ƙasa ya riƙe kai. A nan zaune Filibus ya same shi ya yi masa bayani.

Aikin dam ya ƙare, Uzairu ya koma ƙasarsu. Malam Audu ya yanka wa Nasidi gefen gonarsa, ya koma noman shinkafa da tumatir, da daɗi ba daɗi. Taiba takan tsokane shi in yara suka ɓaro wani abu: "Ku taɓa a hankali, irin na babanku." Yakan yi murmushi, amma in ya ji rediyo na kawo wasan Sakkwato sai ya tashi ya fita.

Bayan shekaru masu yawa, Malam Audu ya riga ya rasu, Filibus ya je ziyarar ibada Urushalima, ya yi cigiya har ya gano Uzairu. Da ya dawo ya sami Nasidi a bakin gona ya ba shi labari. Ashe da mutumin ya koma gida ajiye sifana ya yi ya kama koci gadan-gadan. Ya fara da yara, ya hau da wata ƙaramar ƙungiya babban rukuni, an kore shi, an sake ɗauka, an sake kora. Yanzu ya tsufa, da sanda yake tafiya, kuma har gobe akwai faifan Talata rataye a ɗakinsa.

"Ya ce duk ƙungiyar da ya riƙe sai ya ba su labarinku," in ji Filibus. "Kuma ya ce in tambaye ka. In an maido ka ranar nan, za ka buga da ƙarfi?"

Nasidi ya daɗe yana kallon ruwan da ke bin magudana.

"A'a. Yadda nib buga, haka nika sake bugawa," ya ce. "Amma ka hwaɗa mai shi ad da gaskiya, da ma na ɗaga kai. Mutanen Bakura duka sun ga abin da Malam yay yi mani ranar nan, har yara ƙanana. Ni kaɗai na ban gani ba."